Kazar da Na Kai Narayi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je neman aure Narayi ba. Ko da na so in manta, akwai shaidu, dukkansu suna nan da ransu, kuma babu mai ciwon mantuwa a cikinsu.

Sai na fara da aikina kafin a gane yadda aka yi, domin aikin ne ya jawo. Ni ma'aikacin gidan rediyo ne a nan Kaduna. Ina karanta labarai, ranar Laraba kuma ina gabatar da shirin manoma da masu kiwo. Wanda ya koya mini aikin, Malam Sabo, shi ne furodusana har yau, kuma duk iliminsa ya tattara shi a doka ɗaya: idan jar fitila ta kama, ba a shiru. Yakan ce mai sauraro zai yafe maka tari, zai yafe maka idan ka ɓata sunan kwamishina, amma da ya ji shiru zai ɗauka ko batirinsa ya mutu ko sojoji sun karɓi mulki, ya murɗa ya bar ka. Yana tsaye a bayan gilashi, da ka ɗan dakata sai ya hau juya hannu kamar mai tuƙa tuwo. Idan an fito ya tare ka a ƙofa: "Me ya same ka? Ka faɗi lokaci! Ka faɗi sunan tasha! In duk sun ƙare, ka bayyana wa mutane abin da ke gabanka!"

Shekaru na yi ina kallon hannun nan. Har ta kai ko a layin banki aka yi tsit, sai in ji harshena yana ƙaiƙayin faɗin ƙarfe nawa. (Na taɓa faɗa kuwa. Wata mata ta gode mini.)

A makon da abin ya faru, na je wata gonar kaji a Kakau na yi hira da wata likitar dabbobi. Masu sauraro sun dame mu da tambaya a kan kajin da ke yin ƙwai ba ɓawo, da waɗanda ƙwai ke maƙale musu. Likitar ta zaunar da ni a kan buhun abincin kaji ta yi mini bayanin da ban taɓa jin irinsa ba. Ashe ƙwai ba faɗowa yake yi ba, turo shi ake yi. Gwaiduwa ce ke fara shiga wani dogon bututu a cikin kazar, bangon bututun nan kuwa tsoka ce. Tsokar da ke bayan gwaiduwar ta tsuke, wadda ke gabanta ta saki, sai ta matsa gaba. A sake tsukewa, a sake saki, kamar mai matso man goge baki daga gindi. Tana tafe tana juyawa ana naɗa mata fari, a lulluɓe ta da tantani, har ta isa wani wuri mai faɗi inda ake gina ɓawo. A nan ƙwan ke shafe mafi yawan lokacinsa. Idan ya kammala, tsokar wurin ta yi matsa mai ƙarfi, kazar ta taimaka da tsokar cikinta, ya fito. Ta ce sau da yawa ma yakan juya kafin ya fito, ɓangaren mai faɗi ya riga mai tsini.

Na dawo ofis ina jin kaina kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa. Ni na zauna na nemo wa kowane sashe suna da Hausa: hanyar ƙwai, ɗakin ɓawo, ƙofar fita. Na maimaita su a gaban madubi har suka zauna a bakina. Sai dai hirar ta yi tsawo, ga tallar abincin kaji tana jiran gurbinta, dole a rage. Na saurara har inda likitar ta ce, "Kazar da ta tsorata tana iya riƙe ƙwanta na tsawon sa'o'i ba ta sake shi ba." Jimla ce cikakkiya, mai daɗin rufe shiri. Bayanta ta ja numfashi ta ce "amma". Duk wanda ya taɓa tace murya ya san babu wurin yanka mai daɗi kamar gaban "amma". Na yanke. Abin da ya biyo baya ban saurare shi a ofis ba. A gonar ma ban ji shi ba, domin lokacin da take faɗa idona yana kan na'ura, ina duba ko kukan kaji ya danne muryarta.

To, ga Rahila. Malamar lissafi ce a wata sakandare a Sabon Tasha. A coci muka haɗu, ita tana cikin mawaƙa, ni ina karanta sanarwa. Mun daɗe tare, mun gama magana a tsakaninmu, saura ta mahaifinta. Kuma tun farko ta gaya mini, ba da wasa ba, cewa idan Baba bai ce to ba, ba za ta tsallake shi ba.

Baba Yohanna ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri tun yana saurayi har aka rufe ta. Rabin rayuwarsa a cikin ƙarar injuna ya yi, da ya fito sai ya ƙulla abota da shiru. Ba ya kunna janareto. Rediyo kaɗai yake bari ta yi magana a falonsa, ita ma ƙasa-ƙasa. Ya taɓa gaya wa Rahila cewa duk waɗanda ya ga inji ya cire musu yatsa, suna cikin hira ne abin ya same su.

A gidansu kuma akwai yadda ake yi. Mai neman aure yana zuwa da kaza, ana kiranta kazar uwa. Ba a ajiye ta a ƙasa, ba a miƙa wa kowa. Shi zai riƙe ta da hannunsa tun daga shiga. Wakilinsa ya yi magana, sai uban yarinya ya yi shiru, kowa ya taya shi, har sai ya ga dama. Idan ya amince, uwar yarinya ta taso ta karɓi kazar. Idan bai amince ba, mutum ya fita da kazarsa a hannu, duk layin su gani, ba sai an gaya wa kowa komai ba. Wanda ya fara neman yayar Rahila, shirun ya yi masa tsawo ya ce, "Baba, ko akwai abin da zan ƙara?" Ya koma da kazarsa. Bai sake taka layin ba.

Ranar Juma'a da yamma Rahila ta biyo ta ɗakina a Trikania, ta ƙi zama.

"Abu ɗaya nake roƙonka," in ji ta. "Kada ka yi magana."

"Ko gaisuwa?"

"Ka gaisa. Daga nan ka mutu."

"Rahila, magana fa ita ce sana'ata. Na san lokacin farawa, na san lokacin tsayawa."

"Na farkon dai na shaida. Abeg, ina roƙonka, ka ɗauka an ɗauke wuta a tasharku."

Wakilina shi ne Kawu Bulus, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ya ce mu shiga kasuwa mu sayi kazar gida kowace iri ce. Na ce a'a. Ni da na san gonar da ake yi wa kaji rigakafi a kan lokaci, ba zan kai wa surukaina kazar da ba a san tarihinta ba. Da sassafe ranar Asabar na koma Kakau na zaɓi wata jar kaza mai ƙiba, zankonta ja wur. Likitar ta gaya mini jan zanko alamar lafiya ce. Ta kuma gaya mini alama ce ta kaza tana ganiyar yin ƙwai. Ta kuma ce yawanci da safe suke yi. Duk na sani. Kowane bayani yana zaune a ɗakinsa a cikin kaina, ba su dai gaisa da juna ba.

Kawu ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai ma'aikaciya ce. Ka ɗauko ta ana cikin aiki."

Na yi dariya, na ce masa kimiyya tana gefenmu.

Mun isa Narayi da hantsi. Baba Yohanna yana kujerarsa, dogo, siriri, ba ya motsin da ba dole ba. Mama Saratu, mahaifiyar Rahila, tana gefensa. Ga dattawan coci biyu da aka gayyato shaida. Ni aka ba ni 'yar kujerar tsuguno a gaban Baba, na zauna cikin sabon farin kaftanina da kazar a cinya. Rahila tana kicin, ina hango yatsun ƙafarta a ƙarƙashin labule. Babu wuta, fanka a tsaye. Aka ce a yi addu'a. Baba ya cire hularsa ya ajiye a kan ɗan teburin da ke tsakanina da shi, bakinta sama, kusa da tiren lemo da kofuna. Aka ce Amin, zafi ya sa bai mayar ba.

Kawu ya yi magana, a taƙaice kamar yadda aka gargaɗe shi. Ya faɗi ko ni ɗan wane ne, ya faɗi aikina (a nan na ga girar Baba ta ɗan motsa), ya faɗi abin da ya kawo mu. Ya zauna.

Sai shirun ya fara.

Ina so a san cewa na yi ƙoƙari. Na kalli kalandar coci da ke bango, na karanta ayar da ke jikinta, na sake karanta ta daga ƙarshe zuwa farko. Na ji agogon bango. Na ji injin markaɗe a can wani layi ya tashi ya mutu. Na ji cikin ɗaya daga cikin dattawan ya yi ƙugi, shi kuwa ko kunya bai ji ba, da alama ya saba da irin wannan zama. A tasharmu da tuni injiniya ya sa kiɗa, da tuni manaja ya bugo waya yana tambayar wa ke kan aiki. Sai na fara ganin hannun Malam Sabo a gilashin kabad ɗin Mama, tsakanin kwanukan tangaran, yana juyawa. Na rufe ido. Ya biyo ni ciki.

Duk da haka da na tsira, da a ce kazar ta yi nata shirun.

A ƙarƙashin tafin hannuna na dama, wajen ƙasan cikinta, na ji wani abu ya ɗaure, ya saki. Ya sake ɗaurewa, ya saki. Ta buɗe baki tana haki, jelarta tana ɗagawa tana sauka, ta yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro. Gaskiya abin da na fara ji ba tsoro ba ne, murna ce. Abin da na yi wa jama'ar jiha bayani ranar Laraba ban taɓa ganinsa ba, ga shi yau yana gudana a hannuna kai tsaye.

Mama ta dubi kazar. Dattawan suka dube ta. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya girgiza kai a hankali. Wato ga jama'a, ga abu yana faruwa a gabansu, ga shiru, kuma duk falon mutum ɗaya ne ya yi shiri a kan batun.

Ban yanke shawarar yin magana ba. Ji na yi kawai wata murya ta cika falon, mai kauri, mai tsafta, wadda na sani sarai domin da ita nake ci.

"Jama'a, barkanmu da wannan lokaci."

Cokali ya faɗi a kicin.

"Abin da muke gani a halin yanzu aikin tsokoki ne. A cikin kazar nan akwai wani bututu da muke kira hanyar ƙwai, wanda idan aka miƙe shi zai kusa tsawon hannun mutum."

Kawu ya taka mini ƙafa. Haka Malam Sabo yake yi idan mun fita ɗauko rahoto yana so in ɗaga murya. Na ɗaga.

Na bi da su tun daga gwaiduwa. Na nuna tsukewa da saki da hannun hagu. Na kawo misalin man goge baki. Ba na jin na taɓa gabatar da shiri mai tsari irin wannan, ko tuntuɓen harshe ban yi ba. Da na zo ɗakin ɓawo na ga bayanin ba zai fito ba sai da nuni, sai na taso na ranƙwafa kan teburin, na juya kazar, kanta wajen ƙirjina, bayanta wajen Baba, domin shi ne babba a wurin, shi ya kamata ya fi kowa gani.

"Daga nan ne," na ce, ina bi da yatsa, "ake turo shi zuwa nan."

Ɗaya daga cikin dattawan, mai farin gemu, ya ce, "Ɗana..."

"Ina zuwa, Baba. Za mu karɓi tambayoyi a ƙarshe."

(Har yau idan wannan jimlar ta faɗo mini ina wanka, sai na ajiye soso na ɗan tsaya.)

Mama ta miƙa hannu a hankali ta jawo tiren lemo zuwa wajenta. Na ga ya dace in kwantar mata da hankali.

"Mama, ba sai an matsar da komai ba. Masana sun tabbatar da cewa kazar da ta tsorata tana riƙe ƙwanta na tsawon sa'o'i. Wannan kuwa tun daga Kakau take a tsorace. Saboda haka babu yadda za a yi..."

Kazar ta miƙe wuya, ta ɗaure jikinta gaba ɗaya, na ji matsar ta ratsa hannuwana. Ƙwan ya fito. Bai yi sauri ba. Ya ɗan tsaya a ƙofa kamar baƙon da ke duba ko gidan ne, sannan ya sauka. Tsakaninsa da teburin ba nisa, kuma abin da ke kan teburin a daidai wurin hular Baba ce. Ya faɗa ciki da ɗan ƙaramin sauti. Bai fashe ba. Ya ɗan gangara ya zauna a tsakiya, yana sheƙi.

A nan ne mai hankali zai tsaya. Ni kuwa an koya mini ba a barin rahoto ba a rufe ba.

"Kamar yadda aka gani," na ce, "ɓangaren mai faɗi ne ya fara fitowa."

Kazar ta ɗauki ƙyarƙyara, ta cika gidan, ta cika layin. Da ta gama sai shiru ya dawo, kuma wannan karon ko hannun Malam Sabo bai zo ba. Na koma na zauna. Yatsun ƙafar da ke ƙarƙashin labule sun ɓace.

Baba Yohanna ya jawo hular ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa ya taɓa ƙwan.

"Da ɗumi," ya ce.

Babu wanda ya musa.

"Kai ne mai shirin kaji na Laraba."

"Ni ne, Baba."

"Na saurara. Matar nan ba ta gama magana ba ka sa talla. Na ji ta ja numfashi."

Ban ce komai ba. (Na bi umarnin Rahila dai, sai dai a makare.)

"Ka koma da kazarka."

Kawu ya zame daga kujera zai durƙusa. "Baba, a yi haƙuri, yaron kirki ne, aikin ne ya lalata shi." Baba ya ɗaga hannu, Kawu ya haɗiye sauran. Sai Baba ya ciro ƙwan ya miƙa wa Mama.

"Wannan a gidana aka yi shi, a hulata. Ya zauna."

Mama ta karɓa da hannu biyu ta ƙulle a bakin zane. Fuskarta ba ta nuna komai ba, kafaɗunta ne dai suke ɗan rawa.

Daga ƙofar gidan zuwa inda ake samun keke mai ƙafa uku ba nisa, amma ranar layin ya ƙara tsawo. Duk wanda ya ji ƙyarƙyarar ya fito, kuma a layin nan kowa ya san ma'anar mutum cikin farin kaftani ya fito da kaza a hannu. Wani ɗan Ibo mai gyaran babur a kusurwa ya ajiye sifana ya ce, "Oga, sannu o. An dawo da ita?"

Na ce masa, "Ana ci gaba da tattaunawa."

Da muka kusa Trikania Kawu ya juyo ya dube ni.

"Tun kana yaro na ce a kai ka koyon kafinta."

"Kawu, shi ke nan an gama?"

"Ban sani ba. Wancan mai neman yayarta da ka ba ni labari, ko gashin kazarsa ba a riƙe ba. Kai an riƙe ƙwai. Ko alama ce, ko kuwa tsohon yana son ƙwai ne kawai."

Da yamma Rahila ta kira. Ba ta yi sallama ba.

"Za mu karɓi tambayoyi a ƙarshe."

"Rahila..."

"Mutumin da ya riƙe ni ranar baftisma ka gaya wa haka."

"Ki bari in yi miki bayani."

"Kai! Kada ka sake yi wa kowa bayani a duniyar nan." Sai na ji muryarta ta sauya. "Na gaya maka ba zan tsallake shi ba. Ba wasa nake yi ba."

Ta kashe. Na kira ba ta ɗauka ba. Ranar Lahadi ina karanta sanarwa a coci ta kafa ido a kan littafin waƙa, kamar ranar ta fara ganin sa.

Kazar kuwa ta tare a bayan ɗakina cikin kwandon wanki. Kowace safiya sai ta yi ƙwai, a natse, ba tare da ta nemi sharhi ba.

Ranar Litinin na nemo hirar yadda na ɗauko ta kafin a tace, na sa abin ji a kunne, na je daidai wurin "amma". Ga abin da likitar ta ce: "Amma idan ƙwan ya riga ya bar wurin ɓawo ya nufi ƙofa, tsokar ta riga ta karɓi aiki, babu mai tsayar da shi. Wani lokacin ma firgicin ne ke sa ta sake shi kafin lokaci. Shi ya sa muke hana mutane ɗaukar kaza mai ƙwai da safe su yi ta yawo da ita." Na mayar na sake ji. A bayan muryarta har ana jin tawa ina cewa, "Madalla, madalla."

Ranar Laraba da jar fitila ta kama na ce, "Masu sauraro, a makon jiya na yanke wa likita magana ba ta gama ba. Ga sauran." Aka sa. Ta faɗi abin da za ta faɗa, ta kai ƙarshe, ya rage kukan kaji daga nesa, shi ma ya ƙare. Lokacina ne in shigo. Ban shigo ba. Na zauna ina kallon makirufo, ina jira in tabbatar babu wani "amma" da ya rage. A bayan gilashi hannun Malam Sabo ya fara tuƙa tuwo. Ya ƙara da ɗaya hannun. Ya cire hula ya tuƙa da ita. Sai da na ji shirun ya cika, sannan na faɗi sunan tasha.

Ya tare ni a ƙofa. "Mutuwa ka yi?"

"An ce in gwada, Malam."

Washegari na fito daga ofis na ga Rahila a bakin get, riƙe da jakar takardun jarrabawa.

"Baba ya ce ku dawo."

Na buɗe baki na rufe. Ta lura, ta ɗan gyaɗa kai kamar malamar da ɗalibinta daƙiƙi ya ci tambaya ɗaya.

"Ya ce a zo da zakara."

"Zakara? Ai kazar uwa ce."

"Ya ce zakara ba shi da abin da za ka yi bayani a kai."

"A gaskiya akwai, domin shi ma..."

"Ka gani?"

Na haɗiye sauran bayanin.

Wannan karon Kawu ne ya shiga kasuwa ya zaɓo, wani baƙin zakara mara tarihi. Mutanen falon su ne dai na wancan karon, kowa a inda ya zauna, sai dai tiren lemo tun farko yana can gefen Mama. Aka ce a yi addu'a. Baba ya cire hula, ya dubi teburin, ya dube ni, ya riƙe ta a ƙirji.

Kawu ya yi magana ya zauna. Shirun ya fara, kuma ina da yaƙinin Baba ya haɗa da ragowar na wancan karon. Na karanta ayar kalanda har na haddace. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu. Ana cikin haka zakaran ya miƙe wuya a cinyata ya yi cara, da rana tsaka, da dukkan ƙarfinsa. Kowa ya juyo ya dube ni. Dattijon nan mai farin gemu har ya ɗan matso gaba. Na san dalilin da ke sa zakara cara ba da asuba ba, na taɓa yin shiri guda a kai, bayanin yana nan a bakin harshena da gabatarwarsa da rufewarsa. Na mayar da ido kan kalanda.

Can Baba Yohanna ya sa hularsa.

"To," ya ce.

Mama ta taso ta karɓi zakaran. Da ta sunkuyo ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ƙwan nan na dafa masa. Ya ce ba laifi." A kicin kuma wani abu ya sake faɗuwa, amma wannan karon guɗa ce ta biyo baya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan masani ya ce "amma", a bar shi ya ƙarasa, talla za ta jira. Idan kuma dattijo ya yi shiru, ba tashar ce ta lalace ba, shirin ke nan.

Yanzu Baba yana kirana ɗansa, jikokinsa suna hawa masa kafaɗa, kuma mukan zauna ni da shi a falon nan tsawon yamma ba wanda ya ce uffan. Amma har yau duk ranar da na shigo riƙe da wani abu, ko da burodi ne, sai ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa daga kan tebur ya sa a kai, sannan ya amsa gaisuwa.